Allah Ya Ƙara wa FIFA Karamci

Bakin mutane ba ya shiru. Kullum aka tashi zancen FIFA sai ka ji ana cewa hukumar ta cika son abin duniya, ba ta san komai ba sai tara dala. Wannan ƙazafi ne, kuma ya kamata a samu wanda zai fito ya wanke ta. Duk faɗin duniya babu mai masaukin da ya damu da cikin baƙonsa kamar FIFA. Wasu sai baƙo ya yi sallama suke fara tunanin abin da za su ɗora a wuta. Ita kuwa tun kafin ɗan kallo ya sayi tikiti, kai, tun kafin ya san ko ƙasarsa za ta samu gurbi a Gasar Cin Kofin Duniya, ta riga ta zauna a Zurich ta yanke abin da zai ci, da abin da zai sha, da hannun da zai miƙa masa, da katin da zai biya da shi. Wace uwa ce ta taɓa yi wa ɗanta irin wannan tanadi?

Daga bakin ƙofa karamcin yake farawa. Dokar shiga filayen gasar ta hana ɗan kallo shigowa da abincinsa ko abin shansa, sai dai na jariri ko na mai lalura. Ma'aikata za su laluba jakarka cikin ladabi, su raba ka da ɗan guzurin da ka ƙunso, su nuna maka kwandon shara. An ce don tsaro ne, kuma haka ne, domin kowa ya san irin ta'asar da burodi da dafaffen ƙwai ke iya yi a cikin taro. Abin burgewa, da ka wuce shingen sai ka tarar ana sayar da burodi da nama a ciki, amma shi wannan an riga an zare masa dafinsa, shi ya sa kuɗinsa ya ɗara na waje. Tamkar a gayyace ka biki ne, mai gida ya tare ka a zaure ya karɓe ƙullin da ka riƙo don kada ya ɓata maka ciki, sannan ya shigar da kai tsakar gida ya sayar maka da tuwon bikin. Wanda bai ga ƙauna a nan ba, zuciyarsa ce ta bushe.

Sai kuma wahalar zaɓi, wadda ita ma an ɗauke wa baƙo. Tun 1950 allunan Coca-Cola ke tsaye a filayen gasar, daga 1978 kuma ya shiga sahun masu ɗaukar nauyinta a hukumance. In lemo kake so, nasa ne. In ruwa kake so, shi ma daga gidan ya fito. Budweiser ya riƙe ɓangaren giya tun 1986, McDonald's ya shigo a 1994. In ka zo biya, an yi gasa ba ɗaya ba ba biyu ba da ba a karɓar katin kowa a filin sai na Visa, ko kuwa ka zaro tsaba. Ba a banza kamfanonin suka samu wannan gata ba. Kuɗinsu na cikin dala biliyan 7.5 da FIFA ta ce ta tara a shekaru huɗun da suka ƙare da gasar Ƙatar. Mai ganin allon talla kawai suka saya bai fahimci cinikin ba: maƙogwaron ɗan kallo aka ba su haya na wata guda. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, FIFA kuwa wanzamiya ce mai riƙon amana.

Dubi yadda take tsare wannan amana. A gasar Jamus ta 2006, ranar da Holan ta kara da Kwaddibuwa a Stuttgart, ɗaruruwan magoya bayan Holan sun iso sanye da wanduna ruwan lemo masu ɗauke da sunan Bavaria, wani kamfanin giya na ƙasarsu da bai biya FIFA ko sisi ba. Masu gadin ƙofa ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Aka ce kowa ya tuɓe, mutane suka tuɓe, da yawa suka kalli wasan da gajeren wandon ciki. Gara a ga cinyar magidanci a bainar jama'a da a ga sunan giyar da ba ta da lasisi. Shekaru huɗu bayan nan, a filin Soccer City na Johannesbag, aka fitar da mata 36 daga wasan Holan da Denmak saboda rigunansu ruwan lemo da aka danganta da wannan kamfani, har aka gurfanar da biyu daga cikinsu a kotu kafin a janye ƙarar. A ƙasar da 'yan sanda ke fama da 'yan fashi dare da rana, an samu sukunin kama riga. Ina hukumar da ta kai wannan sa ido?

Babban aikin alherin kuwa shi ne kare baƙo daga abincin garin da ya je. Mutum ya ƙetare teku, ya kashe abin da ya daɗe yana tarawa, ai bai kamata a bar shi ya faɗa hannun wata tsohuwa mai kasko a bakin titi ba. Shi ya sa ake shata da'ira a kewayen kowane fili, a ce daga nan zuwa can ba mai kasa kaya sai wanda aka yarje wa. A Afirka ta Kudu an kawar da masu abincin bakin filaye, waɗanda suka shekara suna ciyar da 'yan kallon wasannin gida, don kada hayaƙin gashinsu ya shiga hoto. A Birazil dokar gasar 2014 ta ba da damar da'irar ta kai kilomita biyu.

A can ne aka yi karo da wasu mata marasa godiya. A birnin Salvador na jihar Bahia akwai mata masu fararen kaya da ɗaurin kai da ke soya acarajé. Duk wanda ya gan shi ya ga ƙosai: wake ne ake surfewa a markaɗa, a soya a manja, a tsaga a zuba yaji da jatan lande. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka tafi da shi, jikokinsu suka riƙe sana'ar, har gwamnatin Birazil ta sanya ta cikin abubuwan gadon ƙasa. An daɗe ana cin sa a filin Fonte Nova. Da tsarin FIFA ya iso, sai aka duba aka ga babu gurbin kasko a ciki. Ƙosan da ya tsira daga jirgin bayi, ya tsira daga gonakin rake, saura ƙiris ya kasa tsallake shingen ƙwallon ƙafa. Maimakon matan su gode da aka hutar da su daga zafin wuta, sai suka tayar da ƙayar baya, suka yi zanga-zanga, suka tara sa hannun dubban mutane, suka kai kuka har fadar shugabar ƙasa. A nan FIFA ta nuna halin manya. Ta yarda 'yan ƙalilan daga cikinsu su soya ƙosansu a harabar filin. A garinsu, a ƙasar kakanninsu, baƙuwa daga Zurich ta ba su izinin kunna wuta. In wannan ba tawali'u ba ne, to mene ne?

Masu cewa FIFA ba ta da aƙida kuma su zo su ji labarin giya. Ba kukan giya nake ba, Allah ya kiyaye. Tsayuwa kan magana ɗaya nake yabo. Tun 2003 Birazil ta hana sayar da barasa a filayen ƙwallo saboda faɗace-faɗacen da ke cin rayukan magoya baya. A farkon 2012 babban sakataren FIFA na lokacin, Jérôme Valcke, ya je ya shaida musu cewa giya wani ɓangare ce ta Gasar Cin Kofin Duniya, kuma ba abin da za a yi ciniki a kai ba ne. Majalisa ta zauna, Shugaba Dilma Rousseff ta sa hannu a watan Yunin shekarar, dokar ƙasa mai mutum wajen miliyan 200 ta matsa gefe ta ba kofin roba hanya. Da gasar ta kankama, shi dai Valcken ne ya fito yana mamakin yawan mashayan da ya gani a filaye. Mutum ya haƙa rijiya da hannunsa, ya leƙa ya ga ruwa, ya riƙe baki.

Sai aka zo Ƙatar. Shekaru 12 ana shiri, an kafa rumfuna, an shigo da kaya. Ranar 18 ga Nuwamba 2022, saura kwana biyu a take wasan farko, aka sanar cewa ba za a sayar da giya a filaye ba. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Washegari shugaban FIFA Gianni Infantino ya zauna gaban 'yan jarida ya bayyana cewa mutum ba zai mutu ba don ya yi awa uku bai sha giya ba. Kaico, da an gano wannan babban sirri na kiwon lafiya tun 2012, da Birazil ba ta sha wahalar taɓa dokarta ba. Kada wani ya ce magana biyu ce. Aƙidar ɗaya ce ba ta taɓa canzawa ba: a duba wanda aljihunsa ya fi nauyi a cikin ɗakin, a bi bayansa.

Ko a hanin ma an yi adalci. A ɗakunan alfarma da ke saman filayen, inda kujera ɗaya ke cin dubban daloli, an ci gaba da tsiyaya wa manyan baƙi abin da suke so. Hanin ya san hawan benen da zai tsaya. Mai ƙaramin tikiti an tsare masa lafiyarsa da hankalinsa, mai babban tikiti an bar shi da halinsa. Dubi yadda FIFA ta fifita talaka!

Ruwan sha ma ba a bar shi haka sakaka ba. A watan Yunin 2025, a Gasar Kofin Duniya ta Ƙungiyoyi, an sa wasan Paris Saint-Germain da Atletico Madrid da ƙarfe 12 na rana a filin Rose Bowl na Kalifoniya, fili marar rufi, mutum sama da 80,000, zafi ya haura digiri 30. Sha biyun rana a can ita ce taran dare a Faransa da Sifaniya, lokacin da mai kallo a gida ya ci ya ƙoshi ya miƙe ƙafa. 'Yan kallon da ke filin suka yi ta ƙorafin dogayen layukan neman ruwa. Ba su lura da hikimar ba. Rana ita ce babbar dillaliyar ruwa, kuma ba ta karɓar la'ada. 'Yan wasa an ba su hutun shan ruwa tun gasar 2014. Shi kuwa ɗan kallo yana da minti 15 na hutun rabin lokaci, ya sauka, ya bi layi, ya ji filin ya kaure da ihu, ya ɗaga kai ya ga ƙwallon da aka ci a talabijin ɗin da aka maƙala a saman kanti. An koya masa haƙuri, kuma ba a caje shi kuɗin darasin ba.

Ba a rasa masu ɓata wa mutane kasuwa. A birnin Atlanta akwai wani attajiri, Arthur Blank, mai ƙungiyar Atlanta United, wanda da aka buɗe filin Mercedes-Benz a 2017 ya sa ruwan gora dala biyu, burodi da nama dala biyu, lemo dala biyu kuma ka yi ta ƙari har ka gaji. Abin takaici, masu filin suka ce abin da kowane ɗan kallo ke kashewa kan abinci ya ƙaru da kashi 16 cikin ɗari a kakar farko. Irin wannan labari bai kamata ya bazu ba. In mutane suka gane ana iya sayar musu da ruwa a kuɗin ruwa kuma a ci riba, ina za a sa kai?

Mu ma nan gida da sauranmu. Je ka Ƙofar Mata ranar da Kano Pillars ke wasa ka ga ci baya: mai ruwan leda, mai gyaɗa, mai rake, mai tsire, kowa na cinikinsa, ba lasisi daga Zurich, kuɗin kaya kusan yadda yake a titi. Har mutum ya ce wa ɗan'uwansa "bismilla" ya miƙa masa rabin abin da ke hannunsa, ba tare da an cire wa kowane kamfani kasonsa ba. Da wannan halin muke son a ɗauke mu da daraja a duniya?

Yanzu da aka faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48 da wasanni 104, ga Maroko da Sifaniya da Fotugal na jiran 2030, ga Saudiyya na jiran 2034, bakunan da za a ciyar sun ƙaru, don haka ina da 'yar shawara. Akwai kafa ɗaya da har yau ba a toshe ba. Wasu marasa tsoron Allah sukan zauna a masauki su cika tumbinsu da abincin da ba shi da rajista, su kora da ruwan famfo, su ratsa duk na'urorin bincike da kayan a cikinsu, ba wanda ya tare su. Wannan fasa-ƙwauri ne tsagwaronsa. A kafa sikeli a kowace ƙofa, a auna ɗan kallo, a tambaye shi abin da ya karya da shi. Wanda aka samu da ƙoshi ya biya diyyar cinikin da ya hana, wanda ya zo da yunwa a buga masa hatimin ɗan kallo nagari. Kada a damu da kuɗin sayen sikelin. Za a samu kamfanin da zai ɗauki nauyinsa, in dai za a rubuta sunansa a jiki.