Yadda Ake Raba Ango da Bokiti Cikin Lalama

Duk gidan da ka shiga a Dala, daga Gwammaja zuwa Madigawa, daga Yalwa zuwa Ƙofar Mazugal, sai ka tarar da ango da amarya a tsakar gida. Suna jikin bokiti, suna jikin buta, suna kan murfin kula, suna ta murmushi tun ranar da aka raba kayan biki. Dangin amarya sun je Ƙofar Wambai sun ɗebo robobi dozin-dozin, an kai wa mai buga sitika hoto, 'yammata sun kwana suna mannawa. Allah Ya ba da zaman lafiya. To amma bayan 'yan watanni na dukan rana da ruwan wanki, amarya ta ɓace ɗungurungum, ango ya rage daga hula sai kunne ɗaya. Inda fuskokinsu suke kuwa sai wani baƙin danƙo, ya kama ƙura, ya kama zare, ya kama gashi, har kiyashi in ya bi ta kai nan zai ƙare tafiyarsa.

Uwargida, kafin ki ɗaura ɗamara, ki fara sanin da wa kike faɗa. Ƙaron da malamai ke zubawa a tawada, da kullun sitacin da ake manna fostar 'yan takara a bango, duk ruwa ne maganinsu. Gam ɗin sitika ba danginsu ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Stanton Avery ne ya fito da takarda mai manna kanta a shekarar 1935, kuma da gangan ake haɗa gam ɗinta yadda ba zai bushe ba, ruwa kuma ba zai narkar da shi ba. Shi ya sa kike dirza da omo har kafaɗarki ta gaji, takarda ta tafi, shi yana nan daram. Abu biyu yake shakka a duniya: zafi da mai.

Da farko ki mayar da rezar nan inda kika ɗauko ta. Wuƙa ma haka, soson waya ma haka. Na san hannu yana ƙaiƙayi, amma a nan ne ake garin neman gira a rasa ido. Reza tana cire gam, gaskiya ne, sai dai tana tafiya da fatar robar, ta bar miki zane-zanen da datti zai tare a ciki har bokitin ya tsufa. In kwanon abinci ne abin ya fi muni, domin maiƙo da ragowar miya suna maƙalewa a waɗannan tsagogi inda soso ba ya kaiwa. Makamin da aka yarje miki shi ne farcenki, sai kuma tsohon katin banki da ya daina aiki. Gefensa yana da kaifin da zai ɗaga gam, ba shi da wanda zai ji wa roba ciwo.

Zafi kuwa Allah Ya hore mana shi kyauta. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Kano, ki ajiye bokitin a tsakar gida, ki juya fuskar ango ta kalli rana, ki je ki ɗora sanwa. Kina dawowa gam ya saki jiki. Ki ɗaga kusurwa ɗaya da farce, ki kwantar da takardar baya, ki riƙa ja a hankali kamar yadda mai ƙunshi ke ɓare salatif daga ƙafar amarya. Kada ki fizga. Mai fizga takarda yake samu, gam ya bar wa bokiti. Da hunturu, lokacin da gam ke ƙanƙamewa, sai ki cika bokitin da ruwan ɗumi irin na wanka, zafin ya ratso ta ciki. Na ce ruwan ɗumi, ban ce tafasasshe ba: gorar ruwa ta roba tana fara lanƙwashewa tun zafi bai wuce 70 da ɗan wani abu ba. Kusantar da roba ga murhu ko kurfoti kuwa, wannan ba cire sitika ba ne, sallamar bokiti ce.

Yanzu takarda ta tafi, saura danƙo. A garin da aka taɓa tara dalar gyaɗa har duniya ta san da ita, bai kamata a ce gam ya gagari kowa ba. Ki ɗiga man gyaɗa, rabin cokalin shayi ya isa, ki shafe wurin da yatsa, sannan ki yi abin da ya fi komai wuya a wannan aiki, wato ki ƙyale shi. Minti 15 zuwa rabin awa. Ki yi la'asar, ki amsa sallamar maƙwabciya, ki raba yara faɗa. Man yana can yana ratsa gam ɗin, yana raba shi da robar. In kin dawo ki sa tsumma mai ɗan kauri ki murza, za ki ga danƙon yana dunƙulewa ƙanana-ƙanana yana bin tsumman. Inda ya yi taurin kai ki tura da gefen kati, ki ƙara mai, ki sake ba shi lokaci. Daga nan sai sabulu da ruwan ɗumi, maiƙo ya fita, jikin bokiti ya koma sumul. In wurin a tsaye yake, mai yana gangarewa, basilin ya fi zama. Manja dai ki bar shi a miya, domin zai cire gam ya bar miki jan tambarin da ya fi gam naci.

Masu biki, ga roƙona gare ku, kuma da gaske nake. Ku manna a waje, kada ku manna a cikin faranti inda tuwo zai zauna. In da hali ku ce wa mai bugawa ya yi muku ta leda, ita tana fita gaba ɗaya, ba ta yagewa. Ke kuma da aka ba ki, sabuwar sitika ta fi sauƙin fita, don haka ki ɓare da wuri. Sai dai ki bari ki iso gida. Kada ki zauna a gaban uwar amarya kina ɓare fuskar 'yarta, a wayi gari maganar ta kai Ƙofar Ruwa.

Malam, yanzu na zo kanka, domin kai ne mai shigowa da shawarar bakin titi. Abokinka mai gyaran babur ya ce fetur, mai fenti ya ce tina, 'yarka ta miƙo ruwan goge jan farce. Kafin ka taɓa ko ɗaya, kifa robar ka duba gindinta. Sau da yawa za ka ga alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, tsarin da aka fara a Amurka a 1988. Lamba 5 ita ce ta yawancin bokitai da kwanuka, lamba 2 ta jarkoki, kuma su biyun suna da juriya. Lamba 6, mai ƙyalli da saurin tsagewa, ba ta da ita. Haka jikin talabijin, da rimot, da rediyo, da gilashin hular kwano, da murfin fitilar babur. Tina ko ruwan goge farce in ya taɓa waɗannan, nan take wurin zai yi fari ya dusashe, wani ma ya narke ya kama hoton yatsanka, kuma babu mai gyara shi ko a Sabon Gari. Sipirit na kemis ya fi su sauƙin kai, amma shi ma yana iya sa roba mai garai-garai ta yi tsaga-tsaga. Ka fara gwada ɗigo ɗaya a ɓoyayyen wuri. In kayan wuta ne, ka zare soket, ka zuba a tsumma, ba a jikin na'urar ba.

Fetur babu shi a wannan aiki, ko ɗigo. Tururinsa yana bin ƙasa ya je ya sami wuta inda take, a gidajenmu na cikin gari kuwa tsakanin wurin wanki da murhu taku nawa ne? Kananzir yana cire gam, ban musa ba, kuma ya halatta a kujerar roba ko jikin Adaidaita Sahun da ɗan takara ya sauya jam'iyya ya bar hotonsa a kai. A yi a sarari, nesa da wuta, a wanke da sabulu. Amma kada ya kusanci kula, ko kofi, ko robar da ake zuba wa yara kunu, domin roba tana riƙe wari, kuma shinkafar da ta kwana a kula mai kananzir ko almajiri sai ya dawo da ita. In an gama, a ɗauke ragowar a kai inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kada a taɓa zuba shi a gorar lemo ko ta ruwa, domin yaro mai ƙishi ba ya tsayawa sansanawa.