Mu da Gyangyaɗin Bayan Azahar

Kowa ya san yadda unguwarmu take komawa da zarar an idar da sallar azahar an ci abinci. Layin da ke ta hayaniya tun safe sai ya yi tsit. Tela yana kan keke amma allura ta daina motsi. Mai kanti ya jingina da buhun sukari, sai ka yi sallama sau biyu kafin ya amsa. Ɗan sahu ya raɓe a inuwar darbejiya ya miƙe a kujerar baya. A cikin gida kuwa uwargida ta gama rabon abinci, ta ce wanke-wanke ya jira la'asar. Haka abin yake a rumfunan Kantin Kwari, haka yake a ofisoshi da makarantu.

Idan zancen ya taso a majalisa, kowa da abin da yake ɗora wa laifi. Wannan ya ce zafi ne, wancan ya ce tuwo ne, dattawa su ce, "Kai dai yaran yanzu lalaci ya yi musu yawa." Zafi da tuwo suna da nasu kason, amma batun lalaci ban yarda da shi ba. Allah Ya halicci jikinmu da agogo a ciki, mai zagayawa cikin kusan awa 24. Binciken yadda wannan agogo ke aiki ne ya sa wasu Amurkawa uku suka samu kyautar Nobel a 2017. Masanan barci sun nuna cewa kuzarin mutum yakan sauka sau biyu: a ƙarshen dare, da kuma wajen ƙarfe 1 zuwa 3 na rana. Saukar tana zuwa ko ba a ci komai ba, shi ya sa mai azumi ma yake hamma a wannan lokaci. Ga kuma wani sinadari, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga farkawa, shi ke sa ido nauyi. Mu da muke tashi tun asuba, kafin azahar mun kai awa takwas a farke.

Wannan halitta ce. Abin da muke ƙara mata shi ne namu. Baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye, amma wa ke samu a cikinmu? A zauna wajen mai shayi har sha ɗaya, a wuce gidan kallon ƙwallo, a dawo a kwanta da waya ana duba WhatsApp har ƙarfe ɗaya. Idan bazara ce kuma ba wuta, zafi da sauro su cinye sauran daren. Ladan ya kira asuba, a tashi. Barcin da aka tauye bashi ne, kuma da rana yake zuwa karɓa.

Sai abincin rana. Mu dai ba mu yarda mun ci ba sai ciki ya ɗauka: malmala biyu ta tuwon shinkafa, ko faranti shaƙe da garau-garau an malala mai, a kora da lemon kwalba mai sanyi. Abinci mai yawa, mai sitaci da maiƙo, yana ƙara wa jiki nauyi daidai lokacin da dama kuzari ke ƙasa. A Kano da Sakkwato da Damagaram zafin Afrilu yakan haura digiri 40, zufa na tsiyaya, mu kuwa ba ma neman randa sai ƙishi ya kai mu maƙura. Ƙarancin ruwa kaɗai yana kawo ciwon kai da mutuwar jiki.

To, da kasalar ta zo me muke yi? Dattijo ya ɓare goro, saurayi ya ɗora butar shayi a kan gawayi, ma'aikaci ya aika a sayo masa lemon ƙarin kuzari. Dukkansu sinadari ɗaya ne a ciki, kafeyin. Shi kuwa ba ya cire gajiya, tare hanyar adenosin yake yi na ɗan lokaci, kuma bayan kusan awa biyar rabinsa na nan cikin jini. Goron da aka ci da yamma shi ke hana ido rufuwa da dare, gobe kuma kasalar ta dawo da ƙarfinta. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne matasanmu masu aikin ƙarfi da ke haɗiyar ƙwaya wai don kada su gaji. Wannan hanyar halaka ce.

Maganin yana hannun iyayenmu tuntuni: ƙailula. Aya ta 58 a Suratun Nur ta lissafa tsakar rana cikin lokuta uku na keɓewa da hutawa. Minti 20 zuwa 30 sun wadatar. Idan ya zarce haka mutum yakan nutse cikin barci mai nauyi, ya tashi kai a ɗaure. Da kakanninmu ke hana barcin bayan la'asar, sun yi daidai da abin da likitoci ke faɗa, domin yana ɓata na dare. Bayan ƙailula, a rage malmala a ƙara wake da zogale da ganye, a sha ruwa tun kafin ƙishi, a taka da ƙafa zuwa masallaci, aiki mai cin tunani kuma a yi shi da hantsi. Direban da ke hanyar Kano zuwa Kaduna, idan ido ya fara lumshewa, ya faka ya runtsa. Goro ba ya riƙe sitiyari. Wanda kuma yake samun isasshen barci amma kullum jiki a mace, ko yake minshari har numfashi na sarƙewa, ya je asibiti a duba jininsa da sukarinsa.

Ku kuma iyayen gida masu yaran shago da masu koyon sana'a, idan kun ga yaro yana gyangyaɗi da ƙarfe biyu, kada ku fara da faɗa. Ku ba shi minti ashirin a kan tabarma, aikin da zai yi muku bayan la'asar zai fi kyau.