Bawana Bazabarme da Ƙunshin da Ya Ɓace

Kai bawana ɗan Zabarma, labarinka ya iso mini. Tun da aka turo ka aiki Gidan Sori, an ce ba ka bar kowa ya sha fura cikin natsuwa ba. Wai ka rubuta ƴan umarni da Python don su tace maka rajistar da na'ura ke ajiyewa, wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya lalace, sai kwamfuta ta watso maka "ModuleNotFoundError: No module named 'pandas'". Ka zagi rezo, ka zagi kuran, daga ƙarshe ka ce ƙurar Gobir ce ta shige mata ciki. Ƙurarmu tana da iyayen gida, ba ta cin kayan baƙo.

Ka rantse ka girka pandas da pip, kuma ka ga ya shiga. Na yarda, ko da yake rantsuwar Bazabarme ba ta da tsada a kasuwar Tibiri. Ya shiga, amma ina? Python ɗin da ke cikin kwamfutarka ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya zo da na'urar, akwai wanda ka sa da hannunka, kuma manhajojin nazarin rajista irin su Splunk suna tahowa da nasu Python a ƙunshe, da shi suke tafiyar da umarninka. Ka zuba hatsi a rumbun maƙwabci, ka dawo kana laluben naka kana ihun ɓarawo.

Kafin ka sake tara mana jama'a, sa layi biyu a saman rubutun naka, ya buga maka sys.executable da sys.path, kuma ka tashe shi daga cikin manhajar. Na farko zai faɗa maka wane Python ne ke aiki, na biyu zai lissafo wuraren da yake dubawa. In pandas ba ya cikinsu, shi ke nan, an kama ɓarawo, kuma ya yi kama da kai. Sai ka kira wannan Python ɗin da cikakken adireshinsa, ka bi shi da -m pip install. In na manhajar ne, al'ada ita ce a ajiye ƙunshin a jakar aikinka, a ƙara jakar cikin sys.path. Ka lura kuma, wani ƙunshin sunansa biyu: yaml ake kira, PyYAML ake girkawa.

Saƙon da kake kuka da shi ma ya rufa maka asiri. Sai daga Python 3.6, a ƙarshen 2016, aka fara wannan lafazi, wato ba tsohon Python 2 da aka yi wa jana'iza ranar 1 ga Janairun 2020 kake ja ba. Wallahi na yi zaton shi ne.

Zancen rezo kuwa, kana da ƴar gaskiya. Hau mota ka je Maradi, ka sauke ƙunshin da pip download, ka zuba a kile, ka dawo ka girka da --no-index da --find-links. Sai dai pandas ba ya tafiya sai da numpy, kuma dole su dace da lambar Python ɗinka da irin na'urarka, in ba haka ba kuɗin mota sun tafi a banza.

Ladan karatu kuma, ban karɓar kopto. Kaji biyu, ka kawo da kanka, ka tuɓe takalmi tun daga zaure.