Ɗan Amshin Shata

Ra'ayi kam ina da shi, har da na bayarwa aro. Ƙarfin halin tsayawa a kansa ne Allah bai ba ni ba, musamman idan babba ya zuba mini ido.

Abin haushin, ba wanda ya kai ni iya ba da labarin masu taurin kai. Ka zauna da ni a majalisa in zayyano maka yadda aka kafa NEPU a Kano a 1950, da yadda Malam Aminu Kano ya ajiye koyarwa ya rungumi siyasar talakawa, lokacin da furta Sawaba kaɗai kan iya kai mutum gaban alƙali. In kawo maka Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka ɗaure sau 16 ba ta sauya baki ba. Har murya nake ɗagawa, kai ka ce tare aka ɗaure mu. Amma ni na san kaina. Da na riski rabuwar PRP, da safe ɗan Taɓo zan kasance, da yamma ɗan Santsi, gwargwadon wanda ya biya kuɗin shayi.

Na daɗe ina ganin tsadar lefe ce ke hana samari aure, na kuma faɗi haka a duk inda ba mata. Da auren ƙanena ya taso na ce yau za a ji gaskiya. Na kwana ina shirya hujjoji, na shiga ɗakin Gwaggo na yi gyaran murya. Tana zaune a tabarma tana ɓare goro, ko kai ba ta ɗago ba.

"Kai ne aka ce kana so a kai wa 'yar mutane akwati biyu?"

"Wa? Ni? Haba Gwaggo, ai cewa na yi biyu sun yi kaɗan."

"Allah ya yi maka albarka. To na shidan kai za ka cika."

Na ce amin, har da shafawa. Atamfa, leshi, takalma da jakunkuna, duk daga albashina.

Matata na kiran abin tsoro, ni kuwa na fi son a ce kunya ce, don kunya ta fi daɗin faɗa a gaban yara. Shekaranjiya ta sake tayar da maganar, na gyara zama zan kare kaina, ta harare ni. Na ce gaskiyarta.