Tarin Tsohon Injin Kwalekwale: Dalilansa da Maganinsa

Injin da ake ratayawa a bayan kwalekwale ba ya aiki sai da abu huɗu: mai mai tsabta, iska, tartsatsin wuta da ruwan da zai sanyaya shi. In tsohon inji ya fara tari, ko ya riƙa mutuwa ana cikin tafiya, galibi ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya gaza. Ƙa'idar bincike ita ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a ƙare da mai tsada. Masu inji kan fara daga ƙarshen ƙa'idar, don haka bayanin nan ma ta can zai bi.

Faraku da Jugu, garuruwan da misalin wannan bayani ya shafa, ba garuruwan jirgin ruwa ba ne. Jugu tsohon zangon fataken goro ne tsakanin Kano da Gwanja, Faraku kuwa nan layin dogon Kwatano ya tsaya, kuma kogin Okpara da ke gabashinta ruwan famfo yake ba gari. Amma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, mutane da kaya sun koma tsallake kogin Kwara a kwalekwale. Misalin da za a bi a nan na wani Alhaji ne mai sayar da atamfa a Jugu, wanda ya ji labarin, ya yi lissafi, ya sayi tsohon inji mai ƙarfin doki 40 a Faraku don ɗan ƙanensa da ke Malanbil. Alhaji bai taɓa shiga jirgi ba. A cikin duron ruwa aka gwada masa injin, ya yi ƙara mai daɗi na minti kaɗan, aka tafa. Da aka kai shi gida aka bar shi ya daɗe yana aiki, sai ya yi tari ya mutu.

Fiston da zobbansa su ne abu mafi tsada, kuma su ake zargi a ƙarshe. Ana auna ƙarfin matsin kowace silinda da ma'auni. In tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, bakanikai kan bar cikin inji ya huta. Bakaniken baburan da Alhaji ya kira ba shi da ma'auni, amma yana da sifana. Ya kwance kan injin, ya leƙa, ya ce, "Alhaji, an ci sa'a, lafiyarsa lau." Ya mayar, ya buɗe murfin tanki ya duba mai, ya ja igiya, inji ya tashi. Aka biya shi. Bai kai bakin titi ba injin ya mutu.

Kafireta ce ke haɗa mai da iska. Fetur ɗin da ya kwana watanni a cikinta yakan bar danƙo ya toshe ƙananan ramukanta, sai inji ya ƙi tsayawa a ƙaramin wuta ko ya shaƙe in an ba shi wuta. Ana wanke ta da mai, a hura da iska. Ba a zura mata allura, domin ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Bakanike na biyu ya zura allura. Shi ma ya duba tanki kafin ya ja igiya, shi ma ya karɓi kuɗinsa.

Buji, wanda 'yan Najeriya ke kira fulogi, launinsa ke faɗin halin da inji ke ciki. Ruwan ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai maiƙo na nuna mai ko baƙin mai ya yi yawa, fari kuwa inji na yunwar mai kuma yana zafi. Canja buji ba ya warkar da abin da ya ɓata shi. Alhaji ya canja har mai shagon ya fara tambayarsa lafiyar iyali.

Ruwan sanyaya inji wata 'yar robar famfo ce ke jawo shi daga ƙasa, kuma shaidar tana aiki ita ce siririn ruwan da ke tsartuwa daga gefen inji, wanda ake kira fitsarinsa. In ya ɗauke, ko dai robar ta cinye, ko zanzaro ya yi gini a bakin ramin, abin da ke yawan samun injin da aka jingine a zaure. Ba a tayar da inji a tudu, ko na minti ɗaya ne, domin robar kan ƙone in ba ruwa. Maƙwabcin Alhaji, direban tirela, ya tayar da shi a tudu don a ji muryarsa sosai. Sabuwar roba daga Faraku aka aiko da ita, tafiyar fiye da kilomita 100.

Farfela ba ta nuna ciwonta a duro. Sai an ɗora wa jirgi buhuna ake gane cewa robar cibiyarta na sulɓewa, inji na ihu jirgi na tsaye, ko zaren taru da kainuwa sun naɗe ta. Wannan ne kaɗai sashen da ya tsira a gidan Alhaji, domin ba wanda ya san yadda ake cire shi.

Mai shi ne babban mai laifi a yawancin lokuta. Irin wannan inji fetur ɗinsa a gauraye yake da baƙin mai, kuma ma'aunin da aka fi sani shi ne kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a tankin lita 25. Wanda ya ƙara don tausayin inji zai sha hayaƙi, wanda ya rage zai sayi fiston. Fetur ɗin kwalba da ake kira kpayo, wanda ake shigo da shi daga Najeriya, yana bukatar gwaji: a zuba a farar kwalba a bar shi ya natsu, in da ruwa zai kwanta a ƙasa. Na Alhaji ba ruwa a cikinsa. Ya dai daina gaisawa da mai sayarwar har mako ya zagayo.

Abu na ƙarshe kyauta ne. A saman murfin tanki akwai ɗan ƙaramin noti na shaƙar iska. In yana rufe, inji na zuƙar mai iska ba ta maye gurbinsa, ƙwallon robar da ke jikin tiyo ya lotse, mai ya daina zuwa, inji ya yi tari ya mutu. Da an buɗe murfi iska ta shiga, sai ya tashi kamar ba shi ba. Abin da ya sa kowane bakanike ya yi nasara ke nan, kuma kowace nasara ta yi minti goma. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 kpayo ya yi tsada, shi ya sa Alhaji yake bi da kansa yana ɗaure notin tam bayan kowane gwaji, kada fetur ya bi iska. Ɗan ƙanensa ne ya gano, ta waya, da tambaya ɗaya: "Baba, kun kwance notin murfi kuwa?"

Ana rufe notin in za a ɗauki tanki a mota, a kwance shi kafin a ja igiya. Injin da aka kwance wa kai ba dalili kuma aka zura wa allura yana bukatar sabon gasket da sabon ramin kafireta kafin ya shiga ruwa, kuma a wannan karon ciwon na gaske ne.