Bagobiri, Fito da Kekenka

Bawana Bagobirin Gidan Rumji, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka tako har Agye ka durƙusa ka gaishe ni. Labari ya iske ni cewa ka jingine kekenka a bayan rumbu, kaji na kwana bisa sirdi, ka ci bashi ka sayo babur. Wai keke ya zama na yara da masu tallar itace. Ƙarya kake, tsoro ne. Kowa ya san abin da ke faruwa idan tankar mai ta taso daga Damagaram ta danna oda a bayanka: jikan Bawa Jangwarzo ya saki kan keke ya faɗa rairayi, takalmi gabas hula yamma, ya miƙe yana cire ƙarangiya daga wando yana cewa dama can sauka zai yi.

Ban ga laifinka ƙwarai ba. Kwalta guda ce ta ɗinke mu, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa garinku ta bi Tsibiri da Maraɗi, ta iso mana Agye, ta wuce Gazawa zuwa Tasawa. Ba kewaye yawancin garuruwan nan take yi ba, tsakiyarsu take tsagawa. A kanta tirela ke gudu, a kanta bas ɗin Yamai ke tsere da lokaci, a kanta kuma amalanken shanu ke tafe da buhunan aya, ga 'yan kabu-kabu, ga 'yan lakwal biyu-biyu a keke ɗaya, na baya ya rungume jakunkunan duka. Ranar kasuwa sai ka rasa inda hanya ta ƙare, inda rumfa ta fara. Gefen kwaltar ya zaizaye a wurare da dama, in ka sauka taya ta nutse, in ka tsaya a sama direba ya ɗauke ka tamkar ba mutum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Ka lura, har da babur. Bashin da ka ci bai fid da kai daga lissafin ba.

To buɗe kunnuwanka, in tsagen bai toshe su ba. A birnin San Faransisko na Amurka, a 1992, wasu masu keke da ba su kai ɗari ba suka gaji da zama abin turewa. Suka yi shawara su riƙa haɗuwa Juma'ar ƙarshen kowane wata su koma gida tare, a jere, su cika titi. Babu shugaba, babu ofis, babu kuɗin shiga. Abin ya bazu zuwa ɗaruruwan birane. A Holan kuwa, a 1971 motoci sun kashe mutum sama da 3,000, yara fiye da 400 a ciki. Iyaye suka fito da kekuna suka tsare tituna, har hukuma ta ƙara himma wajen ware wa keke hanyarsa daban. Har wasu ministocinsu ma da keke suke zuwa aiki, ba kuma wanda ya ce musu masu tallar itace. A Bogota ta Kolombiya tun 1974 aka fara rufe wa motoci manyan tituna domin masu keke, har ya zama al'adar kowace Lahadi.

Na san abin da za ka ce: can Turai ne. Wagadugu fa, Turai ce? Mossi sun riƙe keke, mata da maza, har tseren ƙasa suke yi tun 1987.

Ku Gobirawa bakinku ba ya gajiya da labarin yaƙi. Ku ne masu Hawan Ƙaho, ku ne masu kama bijimi da hannu. Madalla. Amma ai ka san sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma da kakanninku sun riƙe wannan karatun a yaƙin Gawakuke a 1836, da wata maganar ake yi. Kada ka harare ni, namu kakannin ma suna wurin, sai dai mu ba mu cika wa mutane kunne da kirari ba. Mai keke ɗaya oda guda ke kora shi daji. Mutum ɗari a jere, ƙararrawa na tashi, dole direba ya tuna inda birki yake.

Ga abin da nake so. Ku tara naku a Gidan Rumji, mu tara namu a Agye da Gazawa, kowa a garinsa, sau ɗaya a wata da sanyin safiya. A fara sanar da farfe da jandarmomi, don ba rigima muka fito yi ba, kuma na san halinka da zafin kai. A sa dattawa gaba, 'yan lakwal a tsakiya, mai faci a baya da famfonsa. A bi kwalta sannu daga mashigar gari zuwa ma'aikatar magajin gari, a miƙa takarda mai buƙatu kaɗan: tudun rage gudu a ƙofar kowace makaranta da kasuwa da likita, allo mai nuna iyakar gudu, a cike gefen hanya da jar ƙasa, a mayar da masu kasa kaya baya kaɗan. Wata mai zuwa a sake dawowa a tambayi inda takardar ta kwana.

Saura kai. Kori kajin nan, ka zuba wa sarƙa mai, ka sa a gyara birki, don na ji da ƙafa kake tsayawa. In tumbin da tuwon dawa ya tara maka ya hana ka taka feda, faɗa mini tun da wuri in aiko jikana ya goya ka a kariya. Kuɗin faci kuwa kai za ka biya, naka da nawa, haraji ne na bawa ga ubangidansa.