Ango ya karkata

A 1840, a bikin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, an dasa mutum-mutumin ango da amarya a saman kek. A sanyin Fabrairun Landan aka yi wannan, shi ya sa suka tsaya cak har aka watse.

Yanzu kawo al'adar nan Dabokpa, a Tamale, cikin watan Maris, lokacin da zafi ke kai maki 40. Mai kek ta soke ƙafafun 'yan tsanar da tsinken tsire, ta liƙe da narkakken sukari, a ɗora kek a keke mai ƙafa uku. Kafin a iso wajen biki man saman ya saki, ango ya karkata.

Nan fassara ke farawa. In ya jingina da amarya, danginsa su ce an shanye musu ɗa. In ya karkata waje, ƙawayen amarya su ce tun yau yana hangen ta biyu.

Ga kuma sutura. Ango na gaske yana cikin fugu, na roba kuwa Bature ne da kwat. Gwaggo ta ƙura wa amaryar roba ido, ta ce, "'Yar nan, ina mayafinta?" Dole a yanko ƙyalle a yafa mata. Malam kuma ya ce ai duka biyun gunki ne.

Shi ya sa masu dabara suka koma dasa haruffan sunayen ma'aurata. Harafi ko ya faɗi, ba a kai ƙararsa wajen surukai.